Ɗaga Mota da Tashin Inji a Hunturu: Tambayoyi Biyu na Direban Daji

Duk wanda ya tsaya a bakin garin Agadas ya kalli motocin da ke shirin shiga Tenere zai ga kusan dukkansu Toyota ne, ko Hilux ko Land Cruiser, kuma galibinsu baya ya zauna saboda lodi. Jarkokin ruwa na reto a gefe, ga duron mai, ga tayoyin safaya, ga buhunan abinci, ga mutane a saman kaya. Daga nan zuwa Dirku ko Bilma tafiyar fiye da kilomita 500 ce ba kwalta, ba gareji, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 zirga-zirgar ta ƙaru. Amanar da aka ba wa waɗannan motoci ta daɗe. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a kan irinsu, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Toyota.

Masu irin waɗannan motoci, daga Agadas har tsaunin Mambila, suna yawan kai wa bakanike tambayoyi biyu. Ta farko da fara'a ake yin ta: "Oga, nawa za a ɗaga mini ita?" Ta biyu kuwa da ɓacin rai take zuwa, a watan Disamba ko Janairu: "Jiya lafiya lau na kashe ta, yau da asuba ta ƙi tashi." Kuɗi sun fi tafiya wajen ta farko saboda ido na ganin sakamakonta. Amma ta biyu ce ta fi barin mutum a daji.

Kafin a taɓa ko da noti ɗaya, sai an san irin ƙafar da mota take da ita. Land Cruiser jerin 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma har yau ake yin ta, tana da miƙaƙƙen aksul gaba da baya. Tun 1999 gabanta ya koma kan sifirin mai murɗi, bayanta kuwa yana nan kan sifirin mai falle-falle. Jerin 80 na 1990 sifirin mai murɗi gare shi ta ko'ina. Jerin 100 na 1998 ya zo da gaba mai ƙafafu daban-daban, kowace taya da hannayenta, ga kuma sandar ƙarfe mai murɗuwa a madadin sifirin. Hilux ta 2005 zuwa yau ita ma gabanta kowace taya zaman kanta take yi, bayanta kuma falle ne. Wannan bambanci shi ke yanke hukuncin abin da zai yiwu. Miƙaƙƙen aksul yana jure ɗagawa fiye da gaba mai hannaye, domin a na biyun, duk milimitar da aka ƙara sai ta karkatar da shaf ɗin da ke juya taya.

Akwai wata gaskiya da masu sayar da kaya ba su cika faɗa ba. A motar da ke da miƙaƙƙen aksul, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun aksul, kuma ɗaga sifirin ba ya matsar da shi ko kaɗan. Jiki da shasi ne ke hawa sama, tulun yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Idan aka cire 265/70R16, mai tsawon milimita 777, aka sa 285/75R16 mai milimita 834, tulun zai tashi da rabin bambancin, wato kimanin milimita 28. Ribar ke nan. Farashinta kuwa shi ne agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 7 cikin ɗari, mota za ta yi nauyin tashi, birki zai ƙara wahala, mai zai ƙara tafiya. Abin da ɗaga sifirin ke bayarwa daban ne: ciki ba ya gogar tudun yashi, bamba ba ta dukan gaɓar kwari, sannan babbar taya ta samu wurin motsi.

Hanyoyin ɗagawa suna da yawa, kuma mafi arha su ne suka fi yaɗuwa. Ana cusa zoben ƙarfe ko na roba mai tauri a saman sifirin gaba. A motocin da fallen sifirin ke zaune a kan aksul, irin Hilux, ana sa gungumen ƙarfe tsakaninsu. Wasu suna sauya maratayin sifirin da mai tsawo. Masu sandar murɗi kuma sai su ɗaure notinta har gaba ya miƙe. Duk waɗannan suna ba da tsawo, amma ba su ƙara wa sifirin ƙarfin ɗaukar kaya ba, ba su kuma ƙara nisan da taya za ta iya motsawa ba. Zoben gaba da ɗaurin sandar murɗi ma rage wa taya damar sauka suke yi, sai a ji mota tana bugawa duk lokacin da ta faɗa rami. Gungumen baya yana ƙara wa aksul ƙarfin murɗe sifirin idan aka taka wuta a yashi, shi ya sa taya ke tsalle maimakon ta kama ƙasa. Akwai kuma ɗaga bodi kaɗai daga kan shasi, wanda ke buɗa wa taya wuri amma yake tilasta a taɓa sandar sitiyari, lagireto da hannun giya.

Abin da aka fi sabawa da shi a garejojinmu shi ne ƙarin falle, ko a kai tsohon sifirin a buga shi ya sake lanƙwasa. Ƙarin falle yana da amfani na gaskiya ga motar lodi, domin ƙarfi yake ƙarawa ba tsawo kawai ba, muddin fallen ya dace da sauran a faɗi da lanƙwasa, aka kuma sauya ƙusar tsakiya da maɗauran da suka rungume aksul. Bugun sifirin kuwa jinkirta sayen sabo ne. Ƙarfen da ya gaji zai sake kwanciya, in kuma an gasa shi da wutar walda an kashe taurinsa, karyewa ce ta rage.

Hanya mafi inganci ita ce cikakken saiti: sababbin sifirin da shokazoba waɗanda aka auna su tare. Kamfanonin Ostareliya irin su Old Man Emu na ARB, da Dobinsons, da Ironman 4x4 sun yi suna a nan saboda ƙasarsu cike take da dogayen hanyoyin burji masu gargada, irin waɗanda direban Sahel ya sani. Abin lura a tsarinsu shi ne ba sa sayar da sifirin da tsawo kaɗai, da nauyi suke sayarwa: wannan na motar da ke yawo wayam, wancan na wadda kullum take ɗauke da kilo 300, wani na wadda ta fi haka. Nan ne mai mota ya kamata ya zauna da biro. Duron ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, na dizal kusan kilo 170. Bambar ƙarfe da injin jan mota da aka ɗaura a gaba sukan kai kilo 100. A haɗa da safaya, da kayan aiki, da mutane. Mafi kyau ma a loda motar yadda aka saba a hau sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. Wanda ya sayi sifirin kilo 600 alhali motarsa ta ofis ce zai sha jijjiga, bayanta kuma zai riƙa zamewa a kwana. Wanda ya sayi mai laushi ya lafta masa duro uku, tsawon da ya biya kuɗinsa zai ɓace tun kafin ya fita gari.

Sifirin mai ƙarfi ba ya sauya iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a jikin mota. Shasi, aksul, boris da birki duk suna nan yadda suke. Motar da ta daina nuna gajiya a ido tana iya ci gaba da gajiya a ɓoye, kuma tsagewar shasi a bayan kan direba sananniyar cuta ce ta motocin a-kori-kura da ake wa lodin ganganci.

Shokazoba ce aka fi rainawa, ita ce kuma gargada ta fi kashewa. Aikinta shi ne mayar da motsin sifirin ya zama zafi. A hanyar da taya ke sama da ƙasa sau da yawa a kowace daƙiƙa, man cikinta yana zafi har ya yi kumfa, daga nan sai ta daina riƙewa, mota ta fara lilo. Mai faɗin ciki, ko mai iskar gas, ko mai ƙarin tanki a gefe ta fi jurewa. Tsawonta ma sai ya dace: gajera tana fizguwa idan taya ta sauka, doguwa tana cushewa kafin robar tsayawa ta taɓa aksul, har ta ɓalle mazauninta.

To nawa za a ɗaga? Ga yawancin aiki, milimita 40 zuwa 50, wato inci biyu, sun isa, kuma ba a banza yawancin jihohin Ostareliya suka sa iyaka a wajajen nan ba, wadda in za a wuce ta sai da sa hannun injiniya. Daga an zarce haka, gyara ɗaya kan haifi wani. Karkatar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa tana raguwa, mota ta riƙa yawo a kan titi. Sandar da ke riƙe aksul a tsakiya tana jan shi gefe guda. Furofela na fara rawa. Robar shaf ɗin gaba na yagewa, yashi ya shiga. Tiyon birki na miƙewa har ya kusa tsinkewa. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani bawul a baya da ke auna yadda mota ta zauna domin ya raba ƙarfin birki. Idan aka ɗaga mota ba a daidaita sandarsa ba, sai ya ɗauka ba kaya, ya rage wa tayoyin baya birki, alhali akwai tan guda a kansu. Wannan aikin minti kaɗan ne, amma sau da yawa ana mantawa da shi, kamar yadda ake mantawa da sauke fitilun gaba da sake ɗaure maɗauran sifirin bayan tafiyar farko.

Sai kuma batun kifewa. Mujallar motoci ta Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada Hilux da kaucewar gaggawa a 2007 da kuma 2016, duka biyun motar ta ɗaga tayoyi biyu sama. Ba a ƙara mata tsawo ba a gwajin. Sai a kwatanta wadda aka ɗaga inci huɗu, aka jibga wa rufinta kaya, tana gangarowa a karkace daga tudun yashi. Direbobin Tenere na asali sun san cewa a yashi mai laushi rage iskar taya zuwa wajen bar ɗaya ya fi kowane irin tsawo amfani, kuma kyauta ne, in dai akwai famfon mayar da iska.

Maganar tashin inji kuwa, wanda bai kwana a hamada ba yakan yi mamakin jin cewa sanyi matsala ne a can. An taɓa auna sanyin da ya kai ƙasa da sifili a Bilma. A tsaunukan Ayar, inda Bagzan ya haura mita 2,000, ruwa kan daskare a daren Janairu. Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200, da Mambila su ma suna da asubahin da ke gwada inji.

Injin dizal ba shi da tartsatsi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. A injin 1HZ mai lita 4.2 da silinda shida, wanda Toyota ta fito da shi a 1990 kuma ya zama abin dogaro a Sahara, ana matse iska kusan ninki 22. Da asubar hunturu ƙarfen inji mai sanyi yana shanye wannan zafi kafin mai ya iso. Saboda haka inji na buƙatar abu uku a lokaci guda: ya juya da sauri, ɗakin ƙuna ya yi ɗumi, mai ya iso ba tare da iska a cikinsa ba. Bakanike mai hankali kunnensa da idonsa yake fara amfani da su. Idan kik na ja da ƙyar, wuta ce ko kaurin baƙin mai. Idan yana juyawa da kyau ana ganin farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal a salansa, mai na zuwa, zafi ne babu. Idan yana juyawa ba hayaƙi ko kaɗan, mai ne bai iso ba.

Batir shi ne wanda ake zargi na farko, kuma sau da yawa da gaskiya. Zafin bazara ne ke cinye shi, yana ƙafar da ruwansa yana lalata farantansa, hunturu tona asiri kawai yake yi. A sifili batir na rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, daidai lokacin da inji ya fi nauyin juyawa. Cikakken batir da ya kwana yana nuna bolt 12.6 a mita. Idan ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi, idan kuma ya faɗi ƙasa da 9.6 ana cikin yin kik, ya gama aiki. Altaneta mai lafiya tana ba da 13.8 zuwa 14.4. Amma kafin a sayi sabo, a duba kan batir da wayar da ta haɗa shi da shasi da inji. Gargada na sassauta su, ƙura da farin gishiri na taruwa a kansu, kuma an sha jefar da batir mai kyau saboda noti ɗaya. Baƙin mai ma na da hannu. Mai lamba 40 zalla, ko 20W-50, yakan yi kauri kamar zuma da asuba, shi kuwa 15W-40 yana gudana da sauƙi kuma yana riƙe kaurinsa idan rana ta take.

Sai filogin hita, wato ƙananan sandunan da ke yin jajir a ɗakin ƙuna kafin a yi kik. Injuna irin 1HZ da 5L sun dogara da su ƙwarai. A lokacin zafi mota na iya tashi da guda biyu ko uku a mace mai ita bai sani ba, ranar da jaura ta sauko ne zai gane. Gwajinsu ba wuya: a cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a auna kowanne da mita, wanda wuta ba ta ratsa shi ya mutu. A kuma tabbatar wuta na isowa gare su, domin rile ko fis na iya zama mai laifin. Abu biyu ake kuskurewa a nan. Filogin ba duka ƙarfin wutarsu ɗaya ba ne, ko a inji iri ɗaya, kuma wanda bai dace ba ko dai ya ƙone nan da nan ko ya kasa yin zafi. Sannan a cire su inji na da ɗumi, a hankali, domin bakin da ya karye a ciki yana iya jawo a sauke kan inji. Shi ma direba da nasa: ya murɗa makulli, ya jira fitilar hita ta mutu, a tsananin sanyi ya maimaita, ya taka kuloc, sannan ya yi kik na daƙiƙa goma zuwa sha biyar, ya huta kafin ya sake.

Ɓangaren mai yana da wata dabara mai sauƙi. Da safe, kafin a taɓa makulli, a danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri. Idan mota ta tashi take, to iska ce ke shiga layi cikin dare mai yana komawa tanki, ta tsagaggen tiyo ko robar filta ko shi kansa famfon. Sanyi na ƙanƙance tsohuwar roba, shi ya sa abin ke bayyana a hunturu. A zubar da ruwan da ya taru a gindin filta, musamman ga mai shan man duro. Dizal ɗin ƙasashen zafi kuma ba a tace shi don sanyi ba, idan aka kusanci sifili kakin cikinsa na iya toshe filta. Injunan zamani masu kwamfuta, irin 2KD da 1KD da 1GD, sun fi saurin tashi a sanyi, amma suna aiki da matsin mai na bar 1,000 da ɗoriya, ruwa kaɗan ko datti kan lalata nozul, kuma nozul mai yoyo yakan hana matsi ya taru a lokacin kik. Gauraya kananzir a cikin dizal da tsofaffin direbobi ke yi yana rage santsin da famfo ke buƙata, a waɗannan injuna kuwa asara ce tsagwaronta. Idan duk an bi waɗannan inji bai sauya hali ba, sai a auna matsin silinda da tazarar bawul. Ƙurar hunturu da ta ratsa yagaggiyar filtar iska tana cin ringi a hankali, inji mai cinyayyen ringi kuwa sanyi ne ke fara kayar da shi.

Akwai al'adu biyu da ya kamata a bari. Fesa maganin sauro ko fetur a bakin iska yana tayar da inji, amma idan ya haɗu da filogin hita mai zafi yana fashewa kafin lokaci, ya karya ringi ko ya tsaga ɗakin ƙuna. Hura wuta a ƙarƙashin inji kuma ya ƙone motoci. Ya fi aminci a juya wa iska baya a kwana, a rufe bonet da bargo, a zuba ruwan ɗumi a kan filta da famfon mai, a kuma ajiye mota a ƙasa mai tauri da ɗan gangare, domin ba a tura mota a yashi, mai giyar otomatik kuwa ko a kwalta ba ta tashi da turi.

Masu injin fetur, irin 2TR mai lita 2.7 da ya cika Hilux ɗin Najeriya, nasu ya fi sauƙi. Fetur ba ya saurin zama tururi a sanyi, don haka inji na buƙatar ƙarin mai na ɗan lokaci. A tsohuwar mota mai kafireta aikin cok ne, kuma da yawa an ɗaure shi da waya an manta. A mai kwamfuta, na'urar auna zafin ruwa ce ke ba da labari, in ta yi ƙarya ƙarin man ba zai zo ba. Ɗabi'ar cire bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi, wadda ta zama ruwan dare a garejoji da sunan maganin zafi, tana barin inji cikin sanyi na dogon lokaci, filogi su yi baƙi, mai ya tafi a banza.

Inda tambayoyin biyu suka haɗu shi ne kayan ƙari. Motar da aka ɗaga galibi ita ce ake ɗaura wa injin ja, da manyan fitilu, da firji, da wurin cajin wayoyin ayari guda, duk a kan batir ɗin da ake jira ya tayar da inji da asuba. Maganin shi ne batir na biyu, da na'urar da ke haɗa su idan inji na aiki ta raba su idan an kashe, yadda firji zai sha nasa ya bar na kik a cike. Wannan batir yana da nauyin kilo 20 zuwa 25, kuma idan a gaba aka ajiye shi, sai a sa shi cikin lissafi tun kafin a zaɓi sifirin.